Yadda Ivor Bebb Ya Gyara Motar Manjo Har Ta Ƙare

Ivor Bebb maƙwabcina ne shekara talatin da ɗaya, ƙofarsa na kallon tawa, kuma duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin taɓo a takalminsa ba. A garinmu Harcott, inda ruwa ke sauka kwana biyar cikin bakwai, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kantin kayan ƙarfe gare shi a bakin kasuwa, gadon ubansa: ƙusa, kwaɗo, bokiti, tarkon ɓera. In ka sayi bokiti sai ya goge shi da tsumma kafin ya miƙa maka, ya raka ka da ido har ƙofa kamar yana zargin za ka wulaƙanta shi. Ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya fashin coci, giya kuwa sai ranar Kirsimeti, kofi ɗaya. Aibinsa guda ne, ba ya iya ganin tabo a jikin abu ya ƙyale.

Kowane watan Agusta ana tseren mota a tudunmu. Mota ɗaya-ɗaya ake saki daga ƙofar ƙasa, ta sha kwana sau uku, ta ƙare a bakin gonar da ke can sama, agogo ne alƙali. Mijina Len, Allah ya ji ƙansa, shekara ashirin da shida yana riƙe tuta a kwana ta biyu. Ni da matan coci kuma muna da rumfar shayi a gindin tudu. Ban san komai game da inji ba, amma wanda ya daɗe yana zuba wa masu tsere shayi ya san wanda hannunsa ke rawa kafin ya hau da wanda bakinsa ke rawa bayan ya sauko.

Motar da ta fi kowacce suna a tudun nan ita ce jar MG ta Manjo Corfield, 'yar ƙarama mai kujera biyu, ba rufi. Manjo ya dawo daga yaƙi da kunne ɗaya a toshe, shi ya sa, in ji mutane, ba ya jin injin na roƙonsa ya sassauta. Ya ci tseren shekara uku a jere, daga 1949 zuwa 1951. A ta huɗu ya kife da ita a kwana ta biyu, gaban Len. Da aka jawo shi daga rami, abin da ya fara tambaya shi ne daƙiƙa nawa ya yi kafin ya kife. Motar ta tashi, amma tun daga ranar take ja hagu. Ya ci gaba da hawanta zuwa kasuwa har ya rasu, magada suka tura ta cikin rumbun wani manomi, kaji suka mai da ta gida.

Ivor yana ɗan shekara goma sha biyar ya ga cin Manjo na farko, kuma ina jin bai warke ba har yau. A 1963 ya sayi motar, a shekarar kuma ya auri Glenys Hotchkiss. Na tuna ranar da aka jawo ta da tarakta, gashin kaji na tashi a bayanta. Glenys ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ce mini, "Gara wannan da mashaya, Enid. Ko ba komai na san inda zan aika a kira shi cin abinci."

Da farko wanki kawai ya yi mata. Da ta fito fes sai ya ga abin da dattin ke rufewa. Marfin taya na hagu ya lotse tun kifewar Manjo. Ya cire shi ya sa sabo. Da sabon ya hau, sai na dama ya zama abin kunya, shi ma ya tafi. Kujerun fata sun tsage, akwai ƙunar taba a ta direba inda Manjo ke kashe sigarinsa. Suka tafi. Katakon da ke riƙe bodi ya ɗan ci ruwa, ya sa kafinta ya sassaƙa sabo. Sitiyari ya goge daidai inda tafin hannu ke kamawa. Lagireto na da faci. Injin kansa, wanda Manjo ya yi wa 'yan dabaru irin na masu tsere, Ivor ya ce ƙararsa ba ta yi daidai da abin da littafin kamfani ya faɗa ba, ya nemo wani da ba a taɓa taɓawa ba. Duk shekara da abin da zai fita.

Abin da ya fita kuma ba ya kwana a gidan, don Ivor ba ya jure ganin tarkace. Ƙanin Glenys, Trevor Hotchkiss, shi ke da gonar tumakin da ke saman tudu, kuma shi mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Duk Asabar ɗin da ya sauko kasuwa sai ya tsaya da tarakta a ƙofar gareji.

"Mijin yaya, yau me mara lafiya ta amayar?"

"Ga shi can a bayan ƙofa. Kwashe, kuma kada ka jingina da bango, jiya na yi fenti."

"Wannan fitilar ai tana kamawa."

"Gilashinta ya yi zane."

"To da zanen ba ta ganin hanya ne?"

"Kai dai ɗauki ka tafi, Trevor. Kuma takalmin nan naka ya tsaya a waje."

Ina shanya a tsakar gidana nake jin su, shekara da shekaru, magana kusan iri ɗaya.

A 1979 aka zo kan shasi, wato ƙarfen ƙasa da duk motar ke zaune a kai. Ivor ya auna shi da zare ya ga ya karkace da kusan faɗin yatsa biyu, shi ne dalilin jan hagun. Ya yi sati ba ya cin abincin kirki. Daga baya ya samo wani miƙaƙƙe daga wata motar da ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai gidan wani likita da asibiti. Ranar da Trevor ya zo ɗaukar tsohon, sai da ni da Glenys muka kama masa igiya.

"Mijin yaya, ka tabbata? Wannan fa shi ne ƙashin bayanta."

Ivor ya shiga ciki ya fito da wani ɗan falle na tagulla, bai kai tafin hannu ba, mai lambar mota a jiki da hudar noti huɗu. Ya goge shi har yana ɗaukar ido. "Ka ga wannan? Wannan ce motar. Sauran duk tufafi ne."

"To madalla. Ba ni tsummokaran."

"Na ba ka, har abada. Misis Gittins shaida ce, kada in sake ganinsu."

Na ce na ji, don da gaske na ji.

A damina ɗaya Trevor ya harhaɗa abin da ya tara shekara goma sha shida, inda ya rasa noti ya ɗaure da waya. Abin mamaki ta tashi. Ya cire murfin baya ya kafa akwatin katako, yana kai wa tumaki ciyawa da ita, yana sauko da masu ciwo, karensa a kujerar gefe. Sau biyu a rana take hawa tudun nan, ko ana ruwa ko ƙanƙara. Duk gari akwalar Trevor muke ce mata, kuma ba wanda ya taɓa kawo wani abu a ransa, har ni da nake taƙamar ina lura.

Ta Ivor kuwa ta zama abin kallo. Jan fentinta sai ka ga fuskarka a ciki. Ba ya fito da ita in da hadari, saboda haka a shekara ba ta fi kwana uku tana ganin rana ba. Ranar tsere a kan tirela ake kawo ta, ya kewaye ta da igiya, ya kafa allo mai tarihin Manjo, ya tsaya kusa yana ba baƙi labari. Daƙiƙa hamsin da huɗu da ɗigo shida, yakan ce, yana lumshe ido kamar shi ya yi. Bai taɓa hawa tudun da ita ba. Tsakuwa na tashi a kwana ta uku, in ji shi. Wata shekara wani baƙo ya ɗora kofin shayina a kan marfin taya, Ivor ya zo har rumfa ya roƙe ni in daina sayar wa masu son yawo da kofi.

A bazarar 1988 wasiƙa ta zo daga ƙungiyar masu tsere. Tseren zai cika shekara arba'in, kuma sun yanke cewa motar Manjo ce za ta buɗe taro, ita za ta fara hawa ita kaɗai, mai ita a sitiyari, 'yar Manjo a gefensa. Ivor ya karanta wa duk wanda ya shigo kanti wasiƙar, har da masu sayen tarkon ɓera. Ya aika birni aka kawo masa hular fata da safar hannu. Glenys ta ce yana zama cikin motar a gareji bayan cin abincin rana, inji a kashe, yana juya sitiyari yana ƙirga daƙiƙa a bakinsa. Na yi dariya, amma na kuma yi masa addu'a, don na san abin da ya jira tun yana yaro ke nan.

Saura sati biyu ƙungiya ta aiko mai duba motoci, wani tsoho Mista Amphlett, da tocila da tsohon littafin da ake rubuta motocin da suka taɓa shiga tsere. Glenys ta ce in kawo kek, babban baƙo ne. Shi ya sa ina wurin.

Mista Amphlett ya zaga motar sau biyu. Ivor ya ɗaga murfin inji ya nuna masa fallen tagulla. Tsohon ya duba lamba, ya duba littafi, ya gyaɗa kai. Sai ya durƙusa da ƙyar a gaban tayar hagu, ya haska ƙarfen shasi.

"Mista Bebb, wannan wata lamba ce daban."

"Ai na canza shi. Wancan ya karkace."

"Ka canza." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Inji fa?"

"Shi ma. Amma irinsa ne sak."

"Bodi?"

"Sabo ne, aikin hannu."

"To, don Allah nuna mini abu ɗaya a nan wanda ya hau tudun nan tare da Manjo."

Ivor ya ɗora yatsa a kan tagulla.

"Wannan noti huɗu ne ke riƙe da shi, ɗan'uwa. In na ɗaura shi a baron lambuna, baron ya ci tsere sau uku ke nan? Lambar da muke bi ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfe. Aikinka ya yi kyau, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Amma motar wani likita ce, in ji lambarta." Ya karɓi kek daga hannuna ya yi godiya. "Tsohon shasin, ka sayar wa 'yan gwangwan ne?"

Glenys ce ta amsa, kuma na lura ba ta yi saurin ɓoye murmushinta ba. "Yana wurin ƙanena."

Muka ɗunguma zuwa saman tudu a motar Mista Amphlett. Ba wanda ya gayyace ni, Glenys ce ta ja hannuna, ni kuma Allah ya yafe mini ban tirje ba. Mun tarar da Trevor yana sauke ciyawa, akwala a tsaye cikin taɓo har rabin taya. Mista Amphlett ya ciro 'yar wuƙa ya kankare kashin tumaki daga ƙarfen gaba, ya haska, ya duba littafi. Sai ya cire hularsa. Ya bi ta a hankali yana shafawa, ga lotsewar 1952, ga ƙunar taba, ga facin lagireto, ga hudojin da Manjo ya yi wa ƙarfe don ya rage nauyi. Ya sa Trevor ya tayar da ita, ya rufe ido yana sauraro kamar ana waƙa a coci.

"Shara ce fa!" in ji Ivor. "Ni na zubar da ita da hannuna!"

"Ka kuwa iya zubarwa, Mista Bebb. Ba abin da ya ɓace sai 'yan noti."

Ivor ya juya kan Trevor. "Za ka mayar mini da shasina. Sati biyu sun isa in ɗora bodina a kai."

"Naka? Mijin yaya, har abada fa ka ce. Misis Gittins, ko ƙarya na yi?"

Duk suka kalle ni. Na so ƙasa ta tsage, amma ba zan yi ƙarya a kan ƙarfe ba. Na ce haka ya faɗa.

Trevor ya sosa ƙeya, ya ce shi ranar yana da baje kolin raguna a wani gari, kuma ko ba haka ba bai ga abin burgewa a hawa tudun da yake hawa sau biyu kullum ba. In mijin yaya na so, ga mota nan, ya tuƙa. Mista Amphlett ya ce ƙungiya ba za ta ƙi ba, da sharaɗi ɗaya: a cire akwatin ciyawa, amma kada a taɓa komai bayan wannan. Ba fenti, ba guduma.

"Ko wanki?" in ji Ivor a hankali.

"Kada ka soma," in ji Trevor. "Taɓon ne ke riƙe da ƙofar hagu."

Kwana uku kantin Ivor yana rufe, abin da ko ranar da aka binne ubansa bai faru ba. Ran Lahadi bayan sujada ya tare ni a bakin ƙofar coci, hula a hannu.

"Misis Gittins, ke kin ga duka biyun, kuma ba kya ƙarya. Wacce ce motar Manjo?"

Na ce ni ban san mota ba. Abin da na sani, wadda Len ya kama aka fitar daga rami ta lotse a hagu, kuma ya dawo gida da jan fentinta a rigarsa.

"Shekara ashirin da biyar," ya ce. "Duk Lahadi da yamma ina kan aikinta."

Na ce Ubangiji ya ga wahalarsa. Ban ce masa Ubangiji ya ga Trevor ma ba. Washegari ya buɗe kanti, ya aika wa ƙungiya cewa zai tuƙa.

Ranar taro an yi rana, jama'a sun fi na kowace shekara. Aka turo akwala bakin layi, mutane suka yi ta tafi, masu hoto na durƙusawa suna ɗaukar lotsewar nan da Ivor ya kasa kwana da ita a gida. Motarsa na can gefe cikin igiyarta tana walƙiya, ba kowa a wurin sai wata mata da ke gyara gashinta a jikin fenti. Ya zo da hular fata da safar hannu, ya shiga kamar mai shiga ruwan sanyi. 'Yar Manjo, Mis Corfield, ta haura hamsin, doguwa, mai kiwon dawaki, muryarta irin ta wadda ta saba magana da uba mai kunne ɗaya. Ta faɗa kujerar kare ba ta ko duba ba.

Aka ɗaga tuta. Ivor ya saki kuloci, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Aka tura ta baya, aka tayar. Ta sake mutuwa. Kulocin akwala sai an san shi, ga shi mutumin da ya fi kowa sanin tarihinta bai taɓa tafiyar mil ɗaya a cikinta ba. A karo na uku ya sa giyar baya, saura kaɗan ya take mai riƙe agogon tsere. Jama'a suka yi tsit irin na tausayi, wanda ya fi dariya ciwo.

"Mista Bebb," in ji Mis Corfield, har rumfar shayi ana ji, "ubana daƙiƙa hamsin da huɗu ya yi ya kai sama. Kai ka cinye minti uku kana nan. A cikin motar nan na koyi tuƙi. Matsa."

"Amma wasiƙa ta ce mai..."

"Wasiƙa ba ta da ƙafa. Matsa, bawan Allah, ko ka sauka."

Ina ganinsa ya dubi ƙasa, ya dubi tudu. Da ya sauka da shi ke nan, sai ya koma cikin igiyarsa. Bai sauka ba. Ya matsa ya koma kujerar kare.

Kafin su gama musanya na bar wa mata tukunyar shayi, na bi ta gajeriyar hanya zuwa kwana ta biyu inda Len ke tsayawa. Na ji ta kafin in gan ta. Ta fito da gudu tana jan hagu, matar nan na danne ta da hannu biyu tana dariya, guntayen ciyawa na tashi a baya kamar ana sheƙa. Ivor ya ƙanƙame ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a kan hula, idanunsa a rufe gam, bakinsa na motsi. Na san addu'ar da yake yi, don tare muke karanta ta duk Lahadi. Daƙiƙa sittin da ɗaya suka yi. Da aka tsaya a sama, sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga ƙofar.

Ya dai hau, kuma shi ne na farko a ranar, wannan ba mai ƙwace masa. Yanzu in ka shiga kanti zai gaya maka yadda suka shiga kwana ta biyu, da yadda ya hango hasumiyar coci da kogi daga can. Ni ban taɓa tuna masa cewa idanunsa a rufe suke ba.

Tun daga shekarar, mutane ke zuwa daga nesa, har daga ƙasashen waje, don su ga motar Manjo a rumfar tumaki. Da yake kantin Ivor ne a bakin hanya, wurinsa suke tsayawa tambaya. Yana fitowa har waje ya kwatanta musu cikin ladabi, ba ya ɓoye komai. Sai dai ta bayan gari yake tura su, ta wajen tsohuwar gada, mil bakwai, alhali ga tudu nan a gabansu.